Tsakanin F da T: Yadda Muka Tada Tsohon Babur ɗin Mahaifina



Tun ranar Babbar Sallah da aka gan ni a kan tsohon babur ɗin marigayi Alhaji, mutane ke tare ni a ƙofar masallaci da bakin shago suna tambaya: wai abin nan da ya yi shekara da shekaru a zaure, kaji na kwana a kansa, yaya aka yi ya tashi? Wasu har rantsuwa suke yi sabon inji na ɗora masa. Wallahi ban ɗora ba. Injin da Alhaji ya bari shi ne a ciki har yau. Na ga gara in rubuta labarin gaba ɗaya, don na san akwai gidaje da dama a nan Sabo da ke da irin wannan babur jingine da bango, ana jiran ranar da 'yan gwangwan za su zo su ɗauke shi.

Babur ɗin Honda CD175 ne, wanda dattawanmu ke kira Honda 175 kawai. Kamfanin Honda na Japan ya yi ta ƙera shi daga 1967 zuwa 1979. Fistin biyu gare shi, kafireta ɗaya, giya huɗu, batirinsa kuma mai bolt 6 ne, ba 12 irin na baburan yanzu ba. Irinsa sun cika titunan ƙasar nan bayan kuɗin Udoji sun shiga hannun ma'aikata a 1975. Alhaji ba ma'aikaci ba ne, fataucin goro yake yi, na hannu ya saya a wajen wani akawun jirgin ƙasa da aka yi wa canjin wurin aiki. Da shi yake shiga ƙauyukan da ke kewaye da Ibadan neman goro, da shi yake sauka tashar jirgi ta Dugbe ya ga an loda huhunansa zuwa Kano. Da shi kuma yake kai mu makaranta mu uku, ɗaya a kan tanki, biyu a baya. Hajiya takan ce tun yana shan kwanar layinmu take gane ƙararsa, ta tashi ta sauke tukunya.

Da ciwon ƙafa ya kama shi ya daina hawa, aka tura babur zaure aka lulluɓe da tsohuwar tabarma. Bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa, da aka zauna rabon gado, malamin da ke lissafi ya zo kan babur, ya tambaya nawa za a yi masa kuɗi. Babban yayanmu ya ce ai wannan ya tashi daga babur ya koma ƙarfe, a kira 'yan gwangwan su auna su biya. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, yadda ya ga abin ke nan. Amma da na ɗaga kai sai na hango Hajiya a bakin ƙofar ɗaki, ta sunkuyar da kai tana jan carbi da sauri. Ban san lokacin da bakina ya ce a sa shi a kasona ba, har na ƙara da cewa in sha Allahu da shi zan je Idin Babbar Sallah. Aka yi dariya, kuma ban ga laifinsu ba. Ni tela ne, ko fulogi ban taɓa kwancewa ba. Wata biyar ya rage a lokacin.

Na fara da wani yaro bakanike da ke kusa da shagona. Yaron ya san aikinsa. Ya wanke tsatsar tanki, ya kwance kafireta ya busa ta, ya juye tsohon baƙin mai, muka sa tayoyi. Batir mai bolt 6 ne ya ba mu wahala, sai da muka yi sawu uku a kasuwar kayan gyara ta Agodi Gate kafin wani ɗan kasuwa ya samo mana. Cikin ikon Allah injin bai cije ba, kik yana sauka. Rannan ya tashi, ya yi tari biyu ya mutu. Yaron ya buɗe wani ɗan murfi a gefen hagu na kan injin, ya tsaya yana kallon abin da ke ciki. Ya ce, "Oga, wannan ni ban taɓa gyara irinsa ba." Kwantak ne ya gani. Duk baburan da ya koyi aiki a kansu, Bajaj Boxer da TVS da sauransu, wani ɗan baƙin akwati ne da ake kira CDI ke ba su wuta. Ba a saita shi, in ya mutu a jefar a sa sabo.

Sai na ce bari in gwada da kaina. Na kalli wani bidiyo a waya, wani Bature na juya fulawil yana nuna wata alama da yatsa. Turancinsa ya yi mini sauri, amma na gane cewa akwai layin da ake daidaitawa da wani ɗan tsini. Na buɗe namu na ga layuka biyu kusa da juna, ɗaya da harafin T, ɗaya da harafin F. Na ce a raina ai ba sai an tambaya ba, T shi ne taimin. A kansa na saita. Babur ya tashi da ƙyar bayan na yi jiɓi, amma ba ƙarfi, ka murɗa totur ya yi kamar mai jin barci. Kafin in zaga layi sau biyu wuyan salansa ya yi zafi har ya fara sauya launi.

Na mayar wa yaron. Ya ce shi ma yanzu ya gane, ya kwance sukurorin faifan da kwantak ke zaune a kai, injin na aiki, ya yi ta murɗa faifan har ƙarar ta ɗaga ta yi daɗi. Muka tafa. Da na hau titi sai na riƙa jin wani ƙas-ƙas a cikin injin in na buɗe wuta, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na ce tsufa ne. Washegari da safe na taka kik, sai ya dawo mini da ƙarfin da ban taɓa zato ba, ya daki idon sawuna. Kwana takwas ban taka keken ɗinki ba, ga kayan mutane jibge a shago. Uwargida ta ce in ba so nake yara su yi Sallah da tsofaffin kaya ba, in rabu da ƙarfen nan. Yayana ya zo duba ni, ya ce, "Kai dai ka huta, ba wanda zai riƙe ka da maganar da ka yi." Na kusa in yarda.

Hajiya ce ta aiko a kira ni. Ta dubi ƙafar ta yi mini sannu, sannan ta ce, "Mahaifinku bai taɓa bari kowa ya taɓa babur ɗin nan ba sai mutum ɗaya. Ka je ka nemi Baba Bakanike, in yana raye."

Yana raye. Bayan kwana uku ina tambaya na same shi a gidan ɗansa a bayan Mokola, zaune a kan benci. Bayarabe ne, amma a gefen Sabo ya yi rayuwarsa, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Yana ta rufe masa idanu biyu, sai dai ya ga inuwar mutum. Da na faɗi sunan Alhaji ya yi shiru, ya yi masa addu'a, sannan ya ce in kawo babur ɗin. Muka ɗora shi a bayan akori-kura muka kai. Ya miƙa hannu ya shafa tanki har ya kai wata 'yar lotsawa a gefen dama, ya yi murmushi. Ya ce, "Wannan a hanyar Ife ya same ta, akuya ce ta gifta masa." Sai ya juyo wajen da yake jin numfashina. "Ɗan Alhaji, ido ya tafi amma kunne yana nan. Kai ne idona, kai ne hannuna. Sharaɗi ɗaya ne, abin da na ce ka yi shi za ka yi, kuma ba gaggawa."

Na ba shi labarin T da abin da ya biyo baya. Ya yi dariya har da tari. Ya tambaye ni sana'ata, na ce ɗinki. Ya ce, "To ai ka san taimin. In allura ta sauka, ƙugiyar da ke ƙasa ba ta zo ta kama zare a daidai lokacin ba, me ke faruwa?" Na ce keke ya riƙa tsallake ɗinki, ko ya karya allura. Ya ce, "Shi ke nan. Kai ka yi tsallake, yaronka ya karya allura."

Ga yadda ya fahimtar da ni. Fistin yana hawa yana matse fetur da iska, fulogi ya ba da tartsatsi, su kama, ƙarfin ƙunar ya tura fistin ƙasa. Amma fetur ba ya ƙonewa a take, yana ɗaukar ɗan lokaci kafin wutar ta game. Don haka dole tartsatsin ya zo kafin fistin ya kai ƙololuwa, yadda ƙarfin zai cika daidai lokacin da ya fara sauka. T alama ce ta cewa fistin ya kai can sama. F ita ce inda wuta ya kamata ta tashi, kuma in kana juya fulawil ita ke fara zuwa kafin T. Da na saita a kan T, wutar ta makara, fistin ya riga ya wuce, sauran ƙunar ta bi ta salansa, shi ne zafin nan da rashin ƙarfi. Da yaron ya murɗa faifai da kunne, wutar ta yi sammako da yawa, tana tashi fistin na tsakiyar hawa ta buge shi baya. Abin da ya dawo mini da kik ke nan, shi ne kuma ƙarar tsakuwar da na ji. Ya ce da na ci gaba da hawa a haka, wata rana sai kan fistin ya huje.

Ya kuma gyara mini wani kuskure. Ni na ɗauka lokacin da bakin kwantak ya haɗu ne wuta ke tashi. Ashe akasin haka ne. Muddin bakin a rufe yake, wutar batir na bi ta cikin kwayil tana taruwa. Da zarar ya buɗe, hanyar ta yanke, sai kwayil ya harba wuta mai ƙarfi zuwa fulogi. Saita taimin gaba ɗayansa abu ɗaya ne: bakin kwantak ya fara buɗewa daidai lokacin da layin F ya zo kan tsini. Kwandansa kuma aikinta ta shanye tartsatsin da zai ƙona bakin kwantak ɗin. A wannan babur fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, shi ya sa kwantak ɗaya da kwayil ɗaya mai wayoyi biyu suka ishe shi. Fulogi biyun tare suke ba da wuta, ɗaya ta yi aiki, ɗaya ta tashi a banza cikin hayaƙin da ke fita.

Na ɗauko sukudireba zan nufi faifan, ya ji motsina ya ce in ajiye. Ya ce taimin shi ne na ƙarshe, wanda ya fara da shi zai yi aiki biyu. Ranar farko ko kusa da kwantak ba mu je ba. Muka fara da sarƙar taimin, domin abin da ke buɗe kwantak yana kan bakin kamshaf ne, sarƙar nan kuma ita ke juya shi. In ta yi sako-sako, duk saitin da ka yi zai riƙa yawo. Muka ɗaure ta. Sannan bawul, injin a sanye, da ma'aunin nan mai siraran ƙarafa kamar reza da makanikai ke kira fila geji, milimita 0.05. A nan ne na ga amfanin T, don a kanta ake tsayar da fistin in za a auna bawul. Ya ce in ja ƙarfen a tsakani in gaya masa yadda na ji. Na ce yana wucewa da ɗan riƙo. Ya ce, "Kamar zare a cikin yadi mai kauri?" Na ce haka. Ya ce to ya yi.

Rana ta biyu ya sa na cire faifan gaba ɗaya. A bayansa akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin ke riƙe da su. Ya ce in kama kan da ke tura kwantak in murɗa in saki. Na murɗa, ko motsi bai yi ba, tsatsa ta cinye shi. Ya ce wannan ne rabin ciwon. Injin da ke juyawa sau 3,000 a minti, sau 50 ke nan a daƙiƙa ɗaya, amma fetur bai san ana sauri ba, lokacin ƙunarsa kusan ɗaya ne. Don haka in gudu ya ƙaru dole wuta ta ƙara sammako. Ƙarafan nan ne ke buɗewa da ƙarfin juyi su jawo wutar gaba, in gudu ya ragu sifirin ya dawo da su. In sun cije, ko dai babur ya yi daɗi a tsaye ya kasa gudu, ko ya yi gudu ya riƙa dukan mai shi da kik. Na jiƙa su da kananzir, na goge, na shafa ɗan giris, har sai da na murɗa na saki suka koma da kansu da ƙara ɗan "tak".

Na sayo sabon kwantak a wani shago na zo da shi ina alfahari. Ya karɓa ya latsa sifirin ɗin da babban yatsa, ya shafa dunduniyar da ke gogar kamshaf, ya miƙo mini. Ya ce in ajiye shi don ranar tsiya, tsohon ya fi shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Ya sa na goge bakin tsohon da sanfefa mai laushi har ya yi sumul, sannan na ja farar takarda mai tsabta a tsakani sau uku har ta daina fitowa da baƙi. Ya tambaya ko bakin ya yi rami a gefe ɗaya da tudu a ɗayan. Na ce ya yi. Ya ce to kwandansa ta gaji, ita muka canja.

Sai tazarar baki. Na juya fulawil har kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa, na auna, ya ce ta tsaya tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Ya ja kunnena a nan: tazara kafin taimin, kullum. In ka faɗaɗa tazara, bakin zai riƙa buɗewa da wuri, wuta ta yi sammako. In ka rage, ta makara. Wanda ya saita taimin sannan ya taɓa tazara ya rushe abin da ya gina. Kuma dunduniyar nan tana cinyewa a hankali, tazara na raguwa, wuta na ƙara makara ba tare da mai babur ya sani ba, sai dai ya ga abin hawansa na ta yin kasala.

Rana ta uku ce ranar taimin. Ya ce in zo da ƙwan fitila mai bolt 6 da wayoyi biyu, in kuma zo da ƙaramin rediyo. Na ɗauko na Alhaji wanda yake jin labarai da shi da asuba. Muka cire fulogi biyu don injin ya yi sauƙin juyawa. Waya ɗaya ta ƙwan na maƙala a inda wayar kwayil ke shiga kwantak, ɗayar a jikin injin. In mukulli na kunne, ƙwan zai kama da zarar bakin ya buɗe. Shi kuma ya karɓi rediyon ya murɗa shi zuwa inda babu tasha, sai shuuu, ya ajiye kusa da injin. Ya ce tun yana da ido yake wannan dabara, don lokacin da bakin ya rabu rediyon zai yi "ƙas". Ya ce, "Ni in ji, kai ka gani. In na ce tsaya, ka gaya mini inda F take."

Na sa sifana a notin fulawil na fara juyawa ta hagu, yadda injin ke juyawa in yana aiki, a hankali kamar mai zare ƙaya. Rediyo ya yi ƙas, ƙwai ya kama. "Tsaya!" Na duba, F ba ta iso ba, saura kusan faɗin yatsa. Ya ce ga abin da ya daki ƙafarka nan. Na kashe mukulli, domin ya hana ni barinsa a kunne in bakin na rufe, kwayil zai yi zafi batir ya zube. Na sassauta sukurorin faifan, ban cire ba. Ya ce in ana so wuta ta jinkirta, a matsa faifan ya bi inda kamshaf ke juyawa. In ana so ta yi sammako, a mayar da shi baya. Ba da hannu ake murɗawa ba, da ƙotar sukudireba ake ɗan ƙwanƙwasawa.

Na ƙwanƙwasa, na gwada, F ta wuce. Na so in ɗan dawo da fulawil baya kaɗan in duba, ya ce a'a. In ka wuce, ka koma baya sosai, sannan ka sake tahowa gaba, don sarƙa ta miƙe yadda take in injin na aiki. Na sake. Na samu daidai, na ɗaure sukurori, na gwada, ta goce, ashe ɗaurin kansa yana jan faifan. A karo na biyar gumi ya jiƙa mini riga, na ce, "Baba, ai wannan ɗan bambancin ba zai hana shi tafiya ba." Ya ce, "In ka ɗinka wa mutum riga hannu ɗaya ya fi ɗaya da rabin inci, za ta hana shi sawa?" Na yi shiru na koma. A karo na bakwai, ƙas ɗin rediyo da hasken ƙwai da layin F suka haɗu a kan tsini lokaci guda. Ya sa na ƙara juyi ɗaya na sake dubawa, don a tabbatar zagaye na biyu ma ya faɗa wuri ɗaya. Ya faɗa. Na sake auna tazara, tana nan. Na ɗiga ɗigon mai ɗaya a ɗan audugar da ke shafar kamshaf, na daidaita bakin fulogi tsakanin milimita 0.6 da 0.7, na mayar.

Na tsaya a kan kik ina jin tsoro, ƙafar da ta sha duka tana rawa. Ya ce, "Yi bismillah ka taka, ba zai dake ka ba." Taku na biyu ya tashi. Ba tari, ba harbi, sai wannan ƙara mai sanyi da na sani tun ina yaro a kan tanki. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan sirdi ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce in ɗan juya sukurun iska na kafireta, ya saurara, ya ce tsaya nan. Ya ce yawancin laifin da ake ɗora wa kafireta na wuta ne, shi ya sa ba a taɓa ta sai taimin ya zauna.

Bai sallame ni ba sai da ya tura ni gwaji. Ya ce in hau tudun Mokola a giya ta uku in buɗe totur, in kasa kunne ko zan ji tsakuwa. Ban ji ba, babur ya haye yana ja kamar ba shi ne mai barcin nan ba. Da na dawo ya sa na cire fulogi na faɗa masa launinsa. Na ce ruwan ƙasa mai haske. Ya ce da fari fat ne da akwai zafi, da baƙi ne da mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Daga baya wani bakaniken mota ya ara mana fitilar taimin mai walƙiya, muka haɗa ta da batirin mota tunda namu bolt 6 ne. A tsaye F ta tsaya cak a kan tsini, da aka ba shi wuta sai wasu layuka biyu da ke gaba da ita suka zo wurin, alamar ƙarafan nan na baya suna aikinsu. Na je na gaya wa Baba, ya ce shi da ma ya sani, fitilar don ni aka aro ta.

Ranar Sallah na je Idi a kansa da ƙaramin ɗana a baya. Da muka dawo na sha kwanar layinmu a hankali. Ƙanwata ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce Hajiya na zaune a tsakar gida ana gyaran nama, sai ta ɗaga kai, ta miƙe ta nufi madafi. Ta yi taku uku sannan ta tsaya, ta dafa bango. Da na shigo ba ta ce mini komai ba sai "Allah Ya yi maka albarka," ta shige ɗaki. Da la'asar yayana ya ce in ba shi mukulli ya zaga. Ya daɗe bai dawo ba.

Baba ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce Alhaji ya biya shi tun da daɗewa. Da ƙyar ya yarda na auna shi na ɗinka masa kaya. Yanzu duk bayan 'yan makonni nakan je da fila geji da ƙwan fitila mu duba tazara, don dunduniyar ba ta daina cinyewa. Yaron nan bakanike ma ya fara bina, kuma hannunsa ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Makon jiya shi ya saita wa wani dattijo tsohuwar Suzuki, Baba na zaune da rediyo a cinya.

Don haka 'yan uwa, wanda ke da irin wannan babur a zaure, kafin ya kira 'yan gwangwan ya taka kik ya gani. In yana sauka, akwai sauran rai. Ya same ni a shago ranar Asabar bayan la'asar mu je wajen Baba tare, tun yana da ƙarfin zama da mu. 'Ya'yansa na shirin kai shi a cire masa yanar idon, ina roƙon ku sa shi a addu'a.

Allah Ya ba shi lafiya. Allah Ya jiƙan Alhaji da dukkan iyayenmu da suka riga mu, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana. Amin.